Ƙugiyar teku a Kogin Haɗejiya

Lahadi, 14 ga Yuli, 2024

Abin da na sa a gaba a bana shi ne in gano ko ƙugiyar da ake kama ƙananan kifayen teku da ita za ta ci kawara a kogin nan namu. Ba sana'a nake nema ba. Ina da gonar shinkafa, ina da ɗan shagon cajin waya a bakin kasuwa, su ke riƙe da gidana. Wannan aikin na bayan La'asar ne da ranakun da gona ta ɗaga mini ƙafa, kuma zan riƙa rubuta abin da ya faru, ko an samu ko ba a samu ba.

A Apapa na san ƙugiyar, lokacin da nake rubuta lambobin tireloli masu lodi a tashar jiragen ruwa. Ma'aikatan jiragen da ke jiran a sauke musu kaya sukan rage dare da ita a ƙarƙashin fitilun jirgi, wani ɗan ƙasar Filifin a cikinsu ne ya ba ni fakiti biyu da zan dawo gida. Sunanta sabiki, daga Japan ta samo asali. Zaren roba ne guda mai tsawon gaba ɗaya da 'yan kai, an ɗaura masa gajerun rassa 6, kowane reshe da 'yar mitsitsiyar ƙugiya a bakinsa, sai dalma a can ƙasa. Babu tana, babu gara, babu komai na ci. Abin da ke jikin kowace ƙugiya ɗan yankin fatar kifi ne ko leda mai ƙyalli, da ɗan dutsen ado ƙwaya ɗaya. A zura cikin ruwa, a riƙa ɗagawa ana saukewa a hankali. Shawa, wadda ake kawo mana danginta a kwalin kifin ƙanƙara, in ta ga abin yana rawa sai ta ɗauka ƙananan ƙwarin ruwan da take ci ne, ta kai baki. Da yake ayari guda suke tafiya, jefa ɗaya kan fito da huɗu ko biyar suna reto.

Dalilin da ya sa na zaɓi kawara: ita ma farar kifi ce mai sheƙi, ƙarama, mai yawo a ayari a tsakiyar ruwa, ga kwaɗayi, kuma da ido take farauta. In akwai kifin kogi da zai faɗa wa wannan dabara, ita ce.

Alhamis, 18 ga Yuli

Na kai wa sarkin ruwan garinmu goro. Baƙo zai ga kogi shimfiɗe ya zaci na kowa da kowa ne, alhali kowane gurbi da mai shi, kowace kwana an san wanda ke kafa mali, wato tarkon kifi, a cikinta tun zamanin ubansa.

"Ranka ya daɗe, izini na zo nema. Ina so in riƙa zama a bakin gaɓa da fatsa."

"Fatsa? Kai da gemunka?" Masuntan da ke gyaran ragar kalli a gefensa suka tuntsire da dariya. "Yunwa ce ta shiga gidan naka, ko kuwa Ikko ce ta taɓa ka?"

"Lafiya lau, Baba. Sha'awa ce kawai."

Ba laifinsu ba ne. A nan fatsa aikin yara ne, babba in zai shiga ruwa da raga yake shiga, birgi ko taru, ya fito da abin sayarwa. Mutum ya zauna ya ɓata yammaci a kan kifin da bai kai tafin hannu ba, don jin daɗi kawai, wannan ba a saba gani ba.

Na warware masa fakiti ɗaya. Ya riƙe dalmar, ya ɗaga zaren sama, ya bi ƙugiyoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ai wannan mamari ne aka tsayar da shi. Akwai ƙamshin gaskiya, don mamari ma jeren ƙugiyoyi ne babu abinci. Sai dai mamari doguwar igiya ce da ake shimfiɗawa kusa da ƙasan ruwa, kifi na wucewa ƙugiya ta sarƙe shi a jiki ko ya so ko bai so ba. Wannan kuwa sai kifi ya gani, ya yi sha'awa, ya kai baki da kansa. Da na yi masa wannan bayani sai ya waiga ya dubi kogin, ya ce, "To a wannan jan ruwan, ɗana, wa zai ga wani abu?"

Ya ba ni izini da sharaɗi: kada in kusanci inda aka kafa mali ko aka shimfiɗa kalli, kada in taɓa tafkunan da ake rufewa sai ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya, in kuma zan ja yara to alhakinsu a wuyana.

Asabar, 27 ga Yuli

Maganar Baba ta tabbata. Ko motsi. Ɗan yayana da ke rako ni yana zaune kamu biyar daga inda nake, da ƙugiya ɗaya da tana, ya cire ƙurungu da 'yan tarwaɗa har ya fara tausaya mini yana cewa, "Kawu, in sammaka tana?" Su waɗannan masu gashin baki ba ruwansu da gani. Da shinshina da lalube suke neman abinci, duhun ruwa ma gaba ta kai su.

Tun da ganin kifi ne jigon aikin, dole in riƙa auna shi maimakon in ce ruwa ya yi ja ko ya ɗan washe. Masana ruwa suna da wata tsohuwar dabara da wani malamin coci ɗan Italiya mai suna Angelo Secchi ya fito da ita a 1865: farin faifai ake ɗaura wa igiya a zura cikin ruwa, inda ya ɓace wa ido a auna zurfin. Na samu farin murfin bokitin fenti, na huda tsakiyarsa, na ɗaura masa dutse a ƙasa don ya nutse a kwance, na yi wa igiyar ƙulli a kowane taƙi. Wuri ɗaya zan riƙa aunawa, gindin wata giyayya da ke kan gaɓa, kuma lokaci ɗaya, rana na bayana.

Awon yau: murfin ya ɓace kafin ƙullin farko ya jiƙe. Ko taƙi ɗaya bai kai ba.

Lahadi, 18 ga Agusta

Ruwa ya hau, gindin giyayyar ma ya nutse, babu batun zama a gaɓa. Na mayar da hankali ga haɗa nawa jeren, don fakiti biyu ba za su kai ni ko'ina ba, kuma ba a sayar da irinsu a nan.

Na shiga Haɗejiya wajen masu kayan kamun kifi. Ƙugiya lamba-lamba ce, kuma lissafinta a juye yake: yadda lamba ta ƙara girma, haka ƙugiya ke ƙara ƙanƙanta. Mai shagon ya fara miƙo mini ta tarwaɗa, na ce a ƙara ƙasa, ya miƙo wata, na ce a ƙara. Da muka kai lamba 14 ya ce, "Alhaji, kifi za ka kama ko fara?" Na ɗebi 12 da 14, da zaren roba kauri biyu, mai ɗan ƙarfi na uwar zare, siriri na rassa. Hikimar a nan ita ce in ƙugiya ta maƙale a saiwa, reshen ne zai tsinke, sauran jeren ya tsira.

Tsawon reshe shi ya fi cin lokaci. In ya yi tsawo ya nannaɗe uwar zaren, in ya yi gajere ƙugiyar ta sandare ba ta rawa. Faɗin yatsu uku shi ya zauna daidai. Tazarar da ke tsakanin reshe da reshe kuwa dole ta wuce tsawon rassa biyu in an haɗa, in ba haka ba ƙugiyar sama da ta ƙasa su riƙa kama juna. Taƙi guda na bari.

Kayan ado iri huɗu na tanada: ledar alawa mai ruwan azurfa da na yanka siri-siri, gashin zabo daga ƙananan na ƙirji, jan zaren saƙar hula da na roƙa wajen uwargida, da fatar cikin ƙarfasa da na fere na shanya a inuwa a jikin faranti har ta bushe ta yi garau. Ɗauri da zaren ɗinki, ɗigon gam a kai. Da daddare nake yi a shago, wayoyin mutane na caji ina ɗaure-ɗaure, masu zuwa karɓar waya suna tambaya ko laya nake haɗawa.

Abu ɗaya da kogi ya fi teku: tsatsa. A Legas in ba ka ɗauraye ƙugiya da ruwan famfo ba bayan ka tashi, gishiri ya cinye ta cikin 'yan kwanaki. A nan sai dai ta ɓata ko ta dakushe.

Juma'a, 13 ga Satumba

Ba a je ruwa ba, ruwa ne ya zo. Hanyar gonata sai da kwalekwale. Kifi duk ya bar kogi ya bazu cikin fadamu da gonakin shinkafa yana zuba ƙwai, in ka tsaya a kan kunya za ka ga 'ya'yansa baƙi ƙirin a tsakanin karan shinkafa.

Zaman jiran nan ya sa na riƙa auna bambancin wuraren biyu. A bakin teku agogon mai ƙugiya a rubuce yake. Ruwa na cika ya janye sau biyu a yini da kwana, kullum yana jinkirtawa da kusan minti 50 a kan na jiya, don wata ne ke jan sa. Ma'aikatan jirgi suna da jadawalinsa na shekara guda a littafi, kuma kowa ya san ƙananan kifi sun fi ci lokacin da ruwa ke tafiya, ba sa'ad da ya tsaya cak ba. Namu kogin sau ɗaya yake cika a shekara, sau ɗaya yake janyewa, kuma ba wata ne ke juya shi ba. Damina ce, sai kuma madatsun da ke can sama a jihar Kano: Tiga da aka kammala a 1974, da Challawa a 1992. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa kafin Wudil su zama wannan da ke wuce mu, ya je ya bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru, abin da ya rage ya haɗu da na Jama'are ya nufi Tafkin Chadi.

Dattawa suna faɗin yadda a da kogin kan ƙafe da rani ya bar gurabe nan da can. Tun da aka fara sako ruwa daga madatsu da rani saboda noman ban ruwa, ƙasa ta daina bushewa, doguwar ciyawar ruwan nan kacala ta samu wurin zama. Yanzu akwai hanyoyin ruwan da ta toshe ƙaf, tsuntsayen jan-baki na kwana a cikinta suna wayar gari a gonakin mutane. Ga mai jeren ƙugiya shida kuwa, kacala ita ce babbar abokiyar gaba. Ƙugiya ɗaya in ta kama ganye, sauran biyar sai sun bi.

Talata, 15 ga Oktoba

Ruwa ya fara komawa cikin kwarinsa, giyayya ta fito da zanen laka a gindinta har ƙirjina. Awon murfi: taƙi biyu da rabi, wato ya ɗara kamu. Launin ruwan ya tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai haske.

Yau aka buɗe kasuwa, kifi ya fara ci. Wajen ƙarfe biyar, a bakin wata 'yar ƙorama da ke dawo da ruwan fadama cikin kogi, na ga saman ruwa na tsalle-tsalle. Na zura na Japan ɗin da sandar gora, na bari dalma ta taɓa ƙasa, na ɗago ta taƙi biyu, na fara girgiza tsintsiyar hannu. Sai na ji kar-kar-kar a jikin gorar, ba fizga irin ta tarwaɗa ba, wani ɗan kaɗawa ne mai sauri. Abin da na koya a Apapa shi ne kada ka ɗago da na farko. Wanda ya kamu shi ke girgiza sauran ƙugiyoyin, 'yan uwansa su rufo. Na ƙirga biyar a zuci, gorar ta ƙara nauyi, na ɗaga. Kawara uku a jere.

Na daɗe ina juya ta farko a tafin hannu. Tsawonta bai wuce daga tsintsiyar hannu zuwa kan yatsa ba. Ɓawonta manya-manya ne in aka kwatanta da jikinta, fari tas a ciki, bayan yana ɗan koren duhu. Wutsiya ja, da baƙin tabo a gindinta, da wani ɗan tabon a bayan kunne. Tsakanin ƙayar baya da wutsiya akwai wani ɗan tsiron nama mara ƙashi, wanda shawa ba ta da shi. Ido ƙato. Da na buɗe bakin don cire ƙugiya sai ga haƙora jere, ƙanana amma masu ƙarfi, har sun riga sun yage rabin fatar adon. Shawa ba ta yi wa ƙugiya haka. Wannan zai zama matsala.

Ɗan yayana ya ajiye tanarsa ya dawo bayana ya tsaya. Kafin Magariba mun rufe gindin bokiti.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Awo: kamu biyu. Makonnin nan su ne kakar abin. Kifin da ya yi ƙiba a fadama yana komawa kogi, masunta na can suna tare bakin ƙoramu da mali, ni kuma ina ƙasa da su inda Baba ya yarda.

Na Japan sun ƙare, ɗaya kacala ta ci, ɗaya haƙoran kawara sun tsiraita shi. Yanzu nawa ne ke aiki, kuma na samu damar gwada kayan adon. Don kada wuri ya ruɗe ni, a jere ɗaya nake haɗa iri huɗun, kuma ina sauya musu matsayi, wanda ke sama yau gobe ya koma ƙasa. In ba haka ba sai ka yaba wa ado alhali zurfin ne kifin ke so.

Ledar alawa ta fi kowa kiran kifi daga nesa, amma sau da yawa sai su zo su tsaya su juya. In rana ta yi ƙarfi ma kamar tsoro take ba su. Jan zare shi kaɗai bai yi komai ba. Fatar ƙarfasa ta fi kowa kamu, don in ta jiƙa laushi take yi tana lanƙwasa, wataƙila da ɗan ƙamshi ma, sai dai kifi biyu uku sun gama da ita, ga wahalar shiryawa. Gashin zabo shi ya ba ni mamaki. A bushe ba shi da wani fasali, amma a ruwa in ka ɗaga ya tsuke, in ka sauke ya buɗe, ɗige-ɗigen jikinsa na motsi, kuma haƙori ba ya cin sa da wuri. Da na ɗaure shi da jan zaren nan, ya zama ɗan jan kai da jiki mai zane, sai ya kusa kamo fatar. A ganina dalilin a fili yake: shawa ƙananan halittun da ke yawo a ruwan teku take ci, masu haske da sheƙi, kawara kuwa ta saba da ƙwaron da ya faɗo daga ciyawa. Kowa da abin da idonsa ya saba.

Na rage ƙugiyoyi daga 6 zuwa 4. Daga saman jirgi ruwa mai zurfi ne a ƙarƙashinka, a nan kuwa inda nake tsayawa da ƙyar ya kai gaba guda, na sama biyun a iska suke yini suna neman rigata. Na kuma danne ƙayar kowace ƙugiya da filaya. Cirewa ta yi sauƙi, wadda ba ta kai tsawon yatsa ba in mayar da ita ruwa ba tare da na yaga mata baki ba, kuma in ta shiga hannun yaro za ta fita ba sai an je wajen mai magani ba. Mayarwar nan ita ce abin da har yau mutanen gari suka kasa gane mini. Wata tsohuwa mai wanki ta ce, "Ɗan nan, Allah ya ba ka ka ce ba ka so?"

Asabar, 30 ga Nuwamba

Gwajin dare. Na jira ƙarshen wata don a samu duhu sosai, na sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana, kada a ga haske a bakin kogi a ɗauka wani abu ne. Fitilar sola na rataya a reshen giyayya, ta leƙo kan ruwa.

A teku hasken jirgi ƙananan halittun ruwa yake tarawa, kifi ya biyo su daga ƙasa. A nan daga sama abincin ya zo. Cikin rabin sa'a ƙwari sun rufe fitilar suna faɗawa ruwa, kawara ta taso tana tsince su, kana jin ɗas-ɗas ko'ina. Amma jeren da dalma ya wuce su ya yi ƙasa, ba wanda ya kula shi. Sai da na cire dalmar, na ɗaura ɗan yankin tsohon silifa a sama, ƙugiyoyin suka kwanta kusa da saman ruwa a gefen da haske ke ƙarewa, sannan suka fara ci. A tsakiyar hasken ba sa taɓawa, a bakin duhu suke kamu.

An samu, amma sauro ya karɓi rabonsa, sanyi kuma ya fara shigowa. Ba zan mayar da shi al'ada ba.

Laraba, 25 ga Disamba

Awo: kamu uku da taƙi, murfin har ya kusa zama a ƙasa ina ganinsa. Na zaci nan ne za a yi ta kwasa, ashe shi ma hasken yana da iyaka. Ina hango ayarin kawara, su ma suna hango ni. Da inuwar gora ta gifta sai su watse. Waɗanda suka matso kuma sukan tsaya su ƙare wa ƙugiya kallo su wuce. Baba sarkin ruwa ya biyo ta wurin a kwalekwalensa, ya tarar da ni a tsugune bayan ciyawa ina leƙe, ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma." Ya ƙara da cewa in daina zuwa da farar riga.

Abin da ya taimaka: rassa da zare mafi siriri, ƙugiya lamba 14 kaɗai, gora mai tsawo don in ja baya daga gaɓa, da neman inda ruwa ke gudu yana murɗawa maimakon inda ya kwanta. Hunturu kuma ya sauya lokaci. Da safe ruwa ya yi sanyi, kifi ba ya motsi, sai rana ta take, tsakanin Azahar da La'asar. Wannan ya ci karo da shago, don haka fitar ta ragu.

Jiya wani abu ya faru da ya sa gabana faɗuwa. Kawara biyu na jikin jere ina jiran ta uku, sai wani farin abu ya gifto kamar walƙiya, gorar ta lanƙwashe, sai sakayau. Uwar zaren an yanke ta tsaf, ba tsinkewa ba. Masunta suka ce tsage ne, kifin nan mai kaifin haƙora da ke farautar ƙananan kifi, kuma sun yi murna da jin labarin, don sun ce ya yi ƙaranci a 'yan shekarun nan.

Lahadi, 19 ga Janairu, 2025

Yanzu yara sun fi ni yawa a gindin giyayya. Kowa da jerensa, wasu da gashin kaza, wani ma da zaren buhu. Zabin unguwa dai sun shiga uku. Ƙa'ida biyu na kafa musu. Ta farko, daga kan gaɓa ake yi, ba a shiga ruwa a tsaya. Ruwan da ya kwanta a gefen kacala cike yake da katantanwa, daga jikinta ƙwayar tsargiya ke fita ta huda fata, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. Ta biyu, duk wanda na gani yana jan gidan sauro a ruwa ya bar zuwa wurina. Gidan sauro ba ya barin komai, har 'ya'yan kifin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba yake kwashewa, a zubar da rabi a gaɓa.

Ɗan yayana ya tambaye ni, "Kawu, me zai hana a kawo shawar da rai a zuba a nan, mu huta?" Na ce ya ɗebo ruwa lita ɗaya, ya zuba gishiri giram 35, kusan cokali biyu na cin abinci, ya ɗanɗana. Ya tofar. Na ce to wannan ne ruwan teku. Kifin da ke cikinsa kullum gishirin na zuƙe masa ruwan jiki, don haka shan ruwa yake yi ba ƙaƙƙautawa, yana fitar da gishirin ta kunnuwansa. Na kogi kuwa ruwa ne ke shigar masa jiki da kansa, ba ya bukatar sha, aikinsa fitarwa ne da tattalin ɗan gishirin da ke jininsa. In ka sauya musu gida, kowanne jikinsa zai ci gaba da aikin da ya saba, aikin ya kashe shi. Akwai masu jure tsaka-tsaki, irin bonga da ke shiga bakin koguna da tafkin Legas inda ruwan biyu ke gauraya, wadda ake kawo mana bandarta. Ita kuma tace ruwa take yi ta ci abin da ya maƙale, shi ya sa da raga ake kama ta. Ko ta zo nan ba ruwanta da ƙugiyarmu.

Wajen ci, uwargida ta yanke hukunci tuni. Shawa ta fi mai, ta fi daɗin miya. Kawara kuwa a kankare ta, a tsaga bayanta da wuƙa kusa-kusa don ƙananan ƙayoyin su karye, gishiri da tafarnuwa, a soya ta har ta yi ƙarau, a barbaɗa yaji. Ta watan Nuwamba ta fi ta yanzu kitse nesa ba kusa ba. Sharaɗinta ɗaya: wanda ya kamo shi zai kankare.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Awo ya koma kamu ɗaya da rabi. Ba laka ba ce irin ta damina. Ruwan ya ragu, ya ɗan yi kore, injinan ban ruwa na ta ja, shanu na sauka sha suna dama gefe. Kawara ta tattare a gurabe masu zurfi, waɗanda yawancinsu na masunta ne, ba na zuwa. A 'yan wuraren da suka rage mini sai na ɗan soka guntun tana a ƙugiyar ƙasa kafin a fara ci, in ɗaya ta kamu sauran su biyo gashin zabo.

In na bi awon da na rubuta tun Yuli, cin ya fi kyau tsakanin kamu ɗaya da kamu biyu da rabi. Ƙasa da haka ba sa gani, sama da haka sun ga abin da ya wuce kima. Amma shekara ɗaya ce, wuri ɗaya ne, kuma lokacin da awon ya yi daidai shi ne lokacin da kifi ke dawowa daga fadama da yawa, don haka ban raba tsakanin aikin haske da aikin yawa ba. Hanyar rabewa ita ce a gwada a ruwan da ke da zurfi da haske a lokacin da ba na dawowar kifi ba. Tafkin Tiga nake tunani, daga cikin kwalekwale, inda jeren zai tsaya a tsaye sosai yadda aka yi shi don ya tsaya, in ma mayar da ƙugiyoyin 6.

Azumi ya rage mako guda, na naɗe kaya sai bayan Salla. Kafin nan akwai jere takwas da zan ɗaura, rabi gashin zabo rabi fatar ƙarfasa, da igiyar murfi da zan ƙara wa tsawo zuwa gaba huɗu. Baba ya ce yana da wani tsohon abokin kamun kifi a wajen Tiga, zai haɗa ni da shi in an sha ruwa. Dalmar da nake da ita ba za ta riƙe zare a zurfin can ba in iska ta taso, na kai wa maƙeri ragowar dalmar wani tsohon birgi ya zuba mini masu nauyi guda uku. Ya ce in dawo ranar kasuwa.